Sunan Da Na Sauya a Takardar Aikin Kuza

Na manta abubuwa da yawa na zamanin Turawa, amma ranar da kakata ta yi mini tatsuniya da rana tsaka ba za ta fita raina ba har in koma ga Allah.

Lokacin babban yaƙin Turawa ne, ana ɗibar mutane aikin tilas zuwa haƙar kuza a duwatsun Jos. Ƙauyenmu yana bakin gulbin Rima, kusa da Goronyo, kuma ni ke yi wa mai gari rubutu, don ni kaɗai na yi elemantare a Rabah. Ina ji da kaina ƙwarai a lokacin. Da saƙo ya zo a ba da mutane, dattawa suka zauna suka zaɓa, mai gari yana faɗi ina rubutawa. Sai sunan yayana ya fito. Bayan an watse na goge shi, na sa sunan maƙwabcinmu, wani masunci da ya zo daga Wurno, wanda ba shi da kowa a garin sai matarsa da 'ya'ya biyu. Takarda ta tafi wurin hakimi. Ranar da aka karanta sunaye a bainar jama'a, mai gari ya dube ni, ya sunkuyar da kai.

Ni da bakina na gaya wa kakata abin da na yi, ina jiran ta sa mini albarka. Tana zaune gindin rumbu tana ɓarar wake. Ba ta ɗago ba ta ce, "Zamna in yi ma gatana."

Na yi dariya na ce, "Da rana, Kaka? Ai an ce mai gatana da rana ɓacewa shika yi."

Ta ce, "Mai ɓacewa ya riga ya ɓace." Sannan ta fara. Wai shaho ya sauko wa kaza, sai kaza ta ce masa 'ya'yanta ƙashi ne zalla, amma ga na zabuwa can ƙarƙashin ƙaya, masu ƙiba.

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "Kaka, wanga zamanin takarda na, ba na kaza da shaho ba. Jikanki fa nic ceta."

Ta ce, "Na sani, ni nig goya shi. Amma mi ɗiyan zabuwa sunka yi ma?"

Na tashi na bar ta. Saura kwana biyu a tafi, da na so da na gyara. Ban gyara ba.

Safiyar tafiya masuncin ya iske ni ƙofar gida, ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam, kai ka iya karatu. In na samu mai rubuta min takarda, don Allah ka karanta ma iyalina." Na ce to.

Takarda ta zo bayan wata huɗu, amma ba daga gare shi ba. Sanyin dutse ya kama masa ƙirji, an rufe shi can. Ni na tsaya a zaurensa na karanta wa matar, tana bayan zana, ƙaramin ɗan yana wasa da igiyar tarun ubansa. Da na gama ta ce Allah ya saka mini da alheri. Kafin damina ta kwashe 'ya'yanta ta koma Wurno, ban sake jin labarinsu ba.

Babu abin da ya same ni. Mai gari bai tona ni ba, yayana ya tsufa ya ga jikoki, ni ma na ci gaba da aiki ana ce mini malam. Kakata ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni kuma kunya ta hana ni tambayar yadda kaza ta ƙare, har muka binne ta.

Yanzu jikokina da ke makaranta suna cewa tatsuniya shirmen tsofaffi ce, abin ruɗin yara. Ba na musu da su, don na faɗi abin da ya fi haka. Abin da na gane, bayan gane shi ya daina amfani, shi ne babba yakan sa laifinka a bakin dabba don ya gaya maka gaskiya ba tare da ya tozarta ka ba, tun da sauran lokacin gyara. In tsoho ya ce zauna ka ji labari, ka zauna har ƙarshe. Wata rana ran mutum ne a ciki.