Abin da Ban Karanta wa Inna Ba

Uwar mijina ta zo mana daga Manga bayan girbin dawa, a shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Zuru. Inna muke ce mata. Ta zo da ciki a kumbure, hannuwa kuwa sun rame kamar kara. Loma uku take yi ta ce ta ƙoshi. Ni ma lokacin ina da tsohon ciki, sai wata maƙwabciyarmu mai barkwanci ta leƙo ta ce, "Inna, ke da surukarki rana ɗaya za a yi suna ke nan?" Inna ba ta yi dariya ba. Daga ranar ta daina zama a ƙofar gida.

Mijina yana aiki a Dirin Daji, sai ƙarshen mako yake zuwa, don haka ni na kai ta asibiti. Muka tarar da wasu ma'aikata sun kafa tebur a baranda suna tattaunawa da mata masu ciwon ciki. Wata nas ta yi mana bayani cewa bincike suke yi, suna so su gano ko tsutsar ciki da tsargiya suna da wata alaƙa da ciwon dajin da ke kama ƙwan mahaifa, kuma shiga binciken ba dole ba ne. Inna ta yarda, ta dangwala yatsa. Aka tambaye ta ko tana wanki a rafi, ta ce tun tana yarinya. Da aka zo tambayar yaushe al'ada ta ɗauke mata, sai ta ɗago ta dube ni. Na tashi na fita. Haka aka tarbiyyantar da ni: ko abinci ba na ci a gabanta.

Ranar karɓar sakamako ƙafafun Inna sun kumbura, sai na tafi ni kaɗai. Nas ɗin ta ba ni takarda biyu. Ta farko ta ce an ga tsutsa, ga magani. Ta biyu ta likita ce: ya taɓa wani ƙulli a gefen mahaifa, a kai ta babban asibiti a Sakkwato a ɗauki hoto.

"Ke kin yi sakandare," in ji nas. "Ki yi musu bayani sosai. Tsutsar ba ita ce abin tsoro ba. Kada a yi jinkiri."

Na dawo na tarar da tsakar gida cike. Mijina ya iso, yayansa ma ya zo daga gona. Inna tana kan tabarma a tsakiyarsu.

"Mi sunka ce, ɗiyata?"

Na durƙusa na karanta ta farko.

"Tsutsa!" Yayan mijina ya tafa hannu. "Ashe Inna kiwo take yi a ɓoye, ba ta ba mu ko ɗaya ba."

"Ja can, marar kunya," ta ce, tana dariya har da riƙe ciki. Rabon da in ji dariyarta tun zuwanta.

Takarda ta biyu tana hannuna. Ta yaya zan buɗe baki in ambaci mahaifar uwar mijina, a gaban 'ya'yan da suka fito daga cikinta? Na naɗe ta na soke a zani. Da na keɓe da mijina, abin da na iya cewa kawai shi ne, "Sun ce in da hali a je Sakkwato a yi hoto." Ni na ƙara "in da hali". Ya ce bari mu ga aikin magani tukuna.

Magani ya yi aiki. Tsutsa ta fita, kowa ya yi hamdala, Inna ta koma Manga.

Da damina ta yi nisa aka dawo da ita a kwance. A Sakkwato likita ya ce ciwon ya riga ya yaɗu. Na tambaye shi, da mun zo tun da rani fa? Ya ce irin wannan ciwo ba ya nuna kansa da wuri, mai yiwuwa da ba abin da zai canza. Mai yiwuwa. Kalmar nan nake juyawa har yau.

Ni na yi jinyarta. Ni da na fita don kada in ji tambaya ɗaya, ni na riƙa yi mata wanka da tsarki. Wani hantsi ina shafa mata mai a baya, ba ta juyo ba ta ce, "Takarda biyu na gani hannunki ran nan."

Hannuna ya tsaya.

"Na ga kin ɓoye guda. Na ce yarinyar ga ta san girmana." Ta gyara kwanciya. "Ci gaba da shafawa, ɗiyata."

Bayan kwana tara ta rasu. Ban sani ba ko yafe mini ta yi, ko kuwa ta tafi tana zaton alheri na yi mata. Ina yi mata addu'a bayan kowace salla. Ɗanta, mijina, yana zaune kusa da ni yana cewa amin, kuma har yau ban gaya masa ba.