Faɗin yatsu huɗu

Shekara uku ina ƙorafi kan wasiƙar da ƙungiyarmu ta manoma ke turowa ta imel. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, da yatsa nike bin rubutu. Layinsu dogo, sai ya wuce bakin salula, ƙarshensa ya ɓace mini. Haka bara na rasa ranar rabon iri a Matankari.

Jiya na tare sabuwar sakatariya, Rabi, na kai mata kukana kan tsawon layin.

Ta ce, "Baba, tsawon yaya kake so?"

Na aza yatsu huɗu bisa gilashin. "Iyakar nan, ɗiyata. In ya kai nan, ki sauko ƙasa."

Yau wasiƙa ta zo, na karance ta tas, ni kaɗai. Iri sai Laraba, alhamdulillahi.

To, tsofaffin sakatarori, ku amsa mini: yatsu huɗun nan ne suka gagare ku?