Tafin da Ya Makara

Mijina Malam, Allah ya jiƙansa, masinja ne a wani ɗan kamfanin buga faifan garmaho. Shekara ashirin da biyu yana share ɗakin ɗaukar murya, yana naɗe wayoyi, yana kai wa ma'aikata shayi. Bai taɓa makara wurin aiki ba, balle sallah. Sau ɗaya ya makara, shi ma faifai ya riƙe.

Wata rana 'yan amshi ba su cika ba, aka karɓe tsintsiyar hannunsa aka ce ya taya su tafa hannu. Da waƙar ta ƙare kowa ya tsaya, shi kuwa ya ƙara ɗaya. Tas! Mai kamfani ya ce ba za a sake ɗauka ba. Tun daga ranar abokan aikinsa suke ce masa Ƙarin Ɗaya.

An ba shi faifai guda. Ni ba ma'abociyar kiɗa ba ce, amma ran hutu bayan la'asar sai ya goge shi da tsohuwar hularsa, ya ɗora allura, ya ɗaga mini yatsa.

"Malama, saurara, ga mijinki nan tafe."

"Kullum a makare," in ce.

"Ai dai ya iso."

Bayan rasuwarsa na ci gaba da sawa. Faifan ya tsufa, yana shuuu kamar yayyafi a kan kwano, amma tafin yana nan.

Autata ce ta ce, "Mama, wannan kiɗa ne ko suya? Bari maigidana ya zuba miki a waya." Na miƙa wa surukin nawa faifan a naɗe cikin ɗankwali. Na so in ce ya kula mini da ƙarshen, amma ta yaya zan dubi suruki in ce tafin mijina nake saurare? Na ji nauyi, na bar shi ya tafi da faifan.

Bayan mako suka dawo, yana sunkuyar da kai. Ya manta faifan a bayan mota, rana ta lanƙwasa shi kamar murfin roba da ya kusanci wuta.

"Ki yafe ni, Mama. Amma na riga na kwashe komai, har ya fi na da fita."

Gaskiyarsa. Muryar ta fito tar, har na ji kalmomin da ban taɓa ganewa ba. Waƙar ta zo ƙarshe, na ɗaga yatsa ban sani ba. Shiru.

Auta ta dafe baki. "Ina tafin Baba?"

"Wane tafi?"

Ashe kwamfutar da ya yi aikin da ita tana tsince duk wani ƙas-ƙas na karce, ta ɗauka tafin Malam ma karce ne. Kwafin farko da bai tace ba kuwa ya riga ya goge shi.

Na ce masa babu komai, Allah ya yi albarka. Yaron kirki ne, abin da ban faɗa ba ne bai sani ba. Da suka tafi na ɗora lanƙwasasshen faifan. Allura ta yi ta hawa da sauka, ta zame tun kafin rabi.

Yanzu bayan la'asar nakan kunna wayar, in ajiye carbi a cinya. Idan waƙar ta ƙare sai in tafa sau ɗaya. Kullum nawa sai ya yi sauri. Har yau ban iya makara irin tasa ba.