Kofin da Sabulu Ta Wanke

Surukata Sabulu, uwar matar ɗana, shara take yi a ɗakin bakwaini na asibiti. Sau ɗaya aka taɓa kayar da ita a gardama. Makonta na farko a aiki ta ga ɗan kofi da wani abu rawaya a gindinsa, ta ɗauraye shi tas. Babbar nas ta biyo ta har famfo.

"Baba, ina dakashin gado na uku? Awa guda matar nan tana tatsa!"

"Wannan dattin? Ko ƙuda ya gani sai ya wuce."

"Dattin nan, nonon farko ke nan, shi ne rigakafin yaron. Hanjin bakwaini kamar takarda yake, dakashi ke kare shi daga ƙwayar cuta."

Daga ranar, saboda wankin kofin nan, sunan Sabulu ya manne mata.

Bayan shekara sha tara, 'yarta ta haifa mana jika a wata bakwai. Aka sa shi a kwalba, cinyarsa ba ta kai yatsana ba. Uwar na tatsa tana kuka, ɗigo biyar da ƙyar. Yaron kwalbar da ke gefensa cikinsa ya kumbura yana ƙyalli, da la'asar ya rasu, aka cire masa wayoyi. Sabulu ce ta goge kwalbar.

Washegari na zo da gwangwanin madara a jaka.

"Suruka, ɗigo biyar ko ɓera bai ƙoshi ba. Yunwa za ta kashe shi."

Ba ta kalle ni ba. Ta tallabi kofin dakashin da hannu biyu ta kai wa nas, aka zuƙe da sirinji, ana shafa masa a cikin kumatu, sauran ta robar hanci. Kullum da safe nas ta auna cikinsa da tef, mu kuma mu tsaya bayan gilashi ba ma numfashi.

Kwana arba'in da uku aka sallame shi. A ƙofa na ce, "Jinin gidanmu ne, mu ba ma mutuwa da wuri."

Sabulu ta gyara masa hula ta ce, "Jinin gidanku gwangwani ya kawo. Riƙe min tsintsiya, ni zan ɗauke shi."