Laimar da Barau Ya Goge

Barau maƙerin fari ne a Zangon Kwatano, shekara talatin yana mayar da tsofaffin kuɗi zobba da sarƙoƙi. Cika baki yake yi cewa babu kan sarkin da bai ratsa wutarsa ba. Karatu kam babu, sai naci wajen sauraron rediyo, wanda bai tsinana masa komai ba sai tsoro.

A shekarar da aka sauya wa ƙasa suna da tuta, Tabawa, matar marigayi Alhaji Muhuyi, ta kawo masa wani ɗan kuɗin tagulla da bai fi farcen yatsa ba. Mijinta ya sayo shi a Ƙudus kan hanyar Makka, wai na wani sarkin Yahudawa ne na zamanin da. So take a yi masa kunne ta rataya a wuya.

Barau ya duba gefe ɗaya, zangarniya uku. Ya juya, laima mai geza. Nan fa kansa ya ɗaure. Zangarniya ita rediyo ke yabo kullum, a yi noma, a yi noma. Laima kuwa ta sarakuna ce, su ake zagi safe da yamma. To wannan sarki, na masu mulki ne ko ba nasu ba?

Ya kai wa maƙwabcinsa Gado, ɗan kwamitin juyin juya hali na unguwa. Gado ya juya, ya sake juyawa, ya ce, "Kamarad, ni dai ban ga komai ba."

Wannan amsa ta ƙara dagula masa lissafi. Ya hango an tare Tabawa a kasuwa ana tambayar wa ya yi mata aikin. Sai ya ɗauki magagari, ya bi laimar a hankali har ta ɓace, yana jin ya yi dabara.

Da Tabawa ta zo, ta juya abin a tafin hannunta.

"Malam Barau, ina laimar?"

"Ceton ki na yi, Hajiya."

Ta ce, "Ka manta laima Alhaji yake sayarwa a kasuwar Tokpa-Hoho har ya rasu? Saboda ita ya saya. Yakan yi min wasa wai har sarkin Yahudawa abokin cinikinsa ne."

Kunya ta rufe Barau. Tabawa ba ta rataya ɗan kuɗin ba, ta ƙulle shi a haɓar zani, ta tafi ba sallama.