Kwanon Abre a Hanyar Gadarif

Asubar fari muka tashi daga Fau, mu uku: ni, da ɗan yayata mai sana'ar damben boksin, da mai horar da shi. Gadarif muka nufa, inda za a auna nauyinsa da la'asar, washegari ya shiga fili. Wanda ya ci damben nan shi za a kai Khartum, wanda kuwa ya haura kilon ajinsa ko safar hannu ba zai sa ba. Ni dai an ɗauko ni ne don riƙon jaka da addu'a.

Kwana biyu ke nan ɗan yayata bai haɗiyi ruwa ba, sai kurkurar baki. Wai haka suke yi: mutum ya matse ruwan jikinsa ya hau ma'auni, in ya sauko ya sha ya koma yadda yake. A mota ya zauna da rigar leda a ƙarƙashin jallabiya, yana tofa yawu a gwangwani har yawun ya ƙare. Ƙaton da ke saɓa buhun dawa shi kaɗai, ga shi leɓe ya tsage, ido ya faɗa, amma ko tsaki bai yi ba.

Hanyar kuwa kamar da gangan aka shirya masa ita. Lokacin yankan riɗi ne, manyan motoci sai wucewa suke, leburori a saman kaya suna waƙa. Duk masallacin da muka gifta, ga randunan sabil, ruwan sadakar matafiya, a inuwa, moɗa na reto. A tashar da muka tsaya kuɗin komai ya hau, ban da ruwa, wanda kowa ke miƙo maka kyauta. Na ci ful, dafaffen wake, da man riɗi na kora da jabana, gahawar nan tamu. Na juya wa ɗan yayata baya don kunya, amma ban rage komai ba.

Kafin Gadarif akwai ƙauyen baffansa, yayan mahaifinsa, kuma ba a wuce ƙofar wannan dattijo ba a gaisa ba. Ko zama ba mu gama yi ba ya fito da kwanon abre mai sanyi, abin shan nan da muke buɗa baki da shi da azumi, ya nufi ɗan ƙanensa kai tsaye.

"Baffa, a yi mini afuwa, ba zan sha ba."

"Azumi kake, ya waladi, ɗana?"

"A'a, mizani zan hau."

"Mizani? Kai buhun riɗi ne?" Ya dubi leɓen nan, ransa ya ɓaci. "Alayya talaƙ sai ka shanye shi!"

Wanda bai san ƙasarmu ba, rantsuwar saki ke nan. In mai gida ya yi ta a kan baƙo, magana ta ƙare, don in ka ƙi, aurensa ka taɓa. Gwaggo, matarsa tun kafin a haifi ɗan damben, ta tsaya a ƙofar madafa da ludayi a hannu. Mai horarwa ya dafe kai. Ɗan damben kuwa ya dubi kwanon, ya dubi Gwaggo, ya yi bisimilla ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya ga gindin kwanon. Wallahi a nan ya gama shiga raina.

Gadarif ta tarbe mu da zafi da ƙanshin riɗi, kasuwar amfanin gona cike maƙil, amma ba mu tsaya kallo ba. Ya hau ma'auni, ya haura da ɗan kaɗan. Aka ba shi ɗan lokaci ya rage. Ya ɗaure rigar ledar ya shiga zagaya fili a rana, ni ina bin sa da salati daga inuwa. Da ya sake hawa kilo ya yi daidai, sai dai riƙe shi muka yi ya sauko.

Ashe ruwan da aka kora da ƙarfi ba ya dawowa a kwana guda, ko an sha randa. Washegari a turmin farko ya yi damben da ya tashe ni tsaye ina ihu, na manta da furfurata. Daga nan ƙafa ta yi nauyi, hannu ya riƙa sauka, naushin da ya saba kauce wa yana gani ya same shi. Mai horarwa ya ce mini busasshen kai ba ya jure duka, jiri ne ke ɗibarsa. Duk da haka bai faɗi ba har aka kaɗa ƙararrawar ƙarshe. Aka ɗaga hannun abokin karawarsa, Khartum ta wuce shi.

A hanyar dawowa mai horarwa ya ce sai ya gaya wa dattijon abin da ya jawo.

"Ustaz, ba abre ne ya ci ni ba," in ji ɗan yayata. "Ƙishin da na taho da shi daga gida ne. Aji na gaba zan koma, in yi dambe da ruwana a jiki."

Muka sake ratsewa ƙauyen. Baffa ya tambayi yadda aka ƙare, ya ce masa, "An fi ni ne, Baffa. Akwai sauran abre?" Gwaggo ta kawo da kanta, tana harar mijinta.

Mun iso Fau da magariba. Abin da na koyo shi ne, mutum na iya yi wa ma'auni dabara, amma jikinsa zai tuna masa a fili. Na kuma gane yayata ta haifi mutum. Har yau Baffa bai san abin da kwanonsa ya ci ba. In hanya ta bi da ku ƙauyen, kada ku gaya masa. Ku dai shanye abin da ya miƙo muku.