Bijimin da ya ƙi daina fitsari

Shekarun baya, ina sabuwar gama karatun jinyar dabbobi, aminin mahaifina ya aiko a kira ni. Mahauci ne a nan unguwarmu, Briqueterie. Ya sayo bijimi a kasuwar dabbobi ta Etoudi, wajen sauke shi daga mota ƙarfe ya tsaga masa cinya. Aikina na farko ke nan a unguwa, rabin layin kuwa sun fito su ga yadda mace za ta yi da bijimi.

Na yi masa allurar kwantar da jiki, ya lafa, na wanke raunin na ɗinke. Har na fara jin kaina wata babbar likita.

Ba a yi awa guda ba ya soma fitsari. Ya yi, ya tsaya, ya sake, har fitsarin ya malalo ta ƙarƙashin ƙofa.

"Ke 'yar nan, me kika zuba masa?" in ji mai bijimin.

Na ce, "Baba, allurar ce. Tana taɓa wurin da sinadarin adirenalin ke aiki a ƙwaƙwalwa, sai ƙwaƙwalwar ta sassauta umarnin da take ba ƙoda na riƙe ruwa. Zai wuce."

Ya dube ni. "Ƙwaƙwalwa tana ka, fitsari yana ƙasa. Ina haɗinsu?"

Wani dattijo ya ce ai na fasa masa mafitsara ne. Na sake bayani da Hausa, na sake da Faransanci, ba wanda ya saurara. Haka na zauna kan bokiti cikin zarni har la'asar, ina ba bijimin ruwa kaɗan-kaɗan. Kafin magariba ya miƙe ya ci dusa, cikin sati biyu ya warke sarai.

Amma labarin fitsarin ya riga na warkewar isa gidaje. Kusan shekara ba wanda ya kira ni, ko don akuya. Mahaifiyata ta ce, "Ki yi haƙuri, bakin mutane ba ya ɗinkuwa." Sai a wata unguwa can nesa na fara samun aiki, inda ba a san ni ba.

Ban riƙe kowa a rai ba. Da laifina: na san abin da allurar za ta yi, ɗoki ya hana ni faɗa tun farko. Yanzu kafin in taɓa dabba sai na tara masu ita na zayyana musu komai, ko murya ta dushe. Wallahi da gajiya. Amma na gane gaskiyar da ka faɗa kafin abu ya faru ita ake kira ilimi. In ya riga ya faru, sunanta kame-kame.